Sumana Mai Kiwon Ruwa a Yantala

In an idar da sallar asuba a masallacin unguwarsu can Lazare, Sumana yakan naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya hau kekensa, ya gangaro Yantala. Mai gadin gidan Hajiya Habsatu ya daɗe da daina jiran cikakkiyar gaisuwa daga bakinsa a wannan lokaci. "Fofo" ta Zabarmawa kawai yake jefa masa, ya zarce bayan gida, ya durƙusa a bakin pisin, wato tafkin wankan nan na siminti, ya kai hancinsa dab da ruwa ya shaƙa. Sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. In ruwan ya kwana lafiya, a nan ne zai dawo ƙofa ya tambayi mai gadi yadda iyalinsa suka tashi, ɗaya bayan ɗaya, har da akuyar da ke ɗaure a gindin dogon yaro. In bai dawo ba, kowa a gidan ya san ranar ta taka ƙasa a hankali ce.

Bayan hanci da harshe sai kwalba. Yakan nutsa hannu har gwiwar hannu ya ɗebo ruwa, ya ɗiga wani jan magani a ciki, ya ɗaga wa hasken safiya. In ruwan kwalbar ya koma rawaya, tsami ya yi yawa, zai ci ƙarfe ya ci idon mai wanka. In ya koma ja mai duhu kamar zoɓo, kanwa ta yi yawa, maganin kashe ƙwayoyin cuta zai kwanta barci, gansakuka ta miƙe. Abin da Sumana ke farauta kullum shi ne launin tsakiya, irin na mangwaron da ya nuna bai luguiguita ba. Ya ce duk macen da ta taɓa dama kunun tsamiya yau, kunun kanwa gobe, ta san rabin aikinsa, sauran rabin kuwa ciwon gwiwa ne.

Pisin ɗin na ruwan gishiri ne. Ba a kwarara masa jabel, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, daga bido, wato jarka, kamar na otel. Akwai wani inji a ɗan ɗakin famfo, ruwa na ratsa wasu faya-fayan ƙarfe da kuran, wato lantarki, ke bi ta cikinsu, su kuma su juya gishirin da ke cikin ruwan ya zama jabel, ya yi aikinsa, ya sake komawa gishiri. Injin na da ido biyu, kore da ja. In gishiri ya isa, koren ne ke ci. In ya kasa, jan ya kunna, injin ya naɗe hannu kamar ma'aikacin ofis ranar Jumma'a da yamma.

Wannan watan Sumana ya ajiye aiki, gwiwoyinsa sun ce sun gaji da durƙuso. Ƙasar nan ta sha rataya wa mutane lambar yabo don sun halarci taro har ƙarshe ba su yi gyangyaɗi ba. Ba na tsammanin za a buga ƙaho don mutumin da ya kwashe shekaru yana shinshina ruwa. To, bari mu buga masa namu, kuma da ƙarfi, don abin da ya yi a bazarar 2010 ya isa a tsaya a ba da labarinsa.

Hajiya Habsatu 'yar Damagaram ce, iyayenta sun zauna Yamai tun tana goye, ta yi shekaru tana shugabantar lakwal, wato makarantar 'yan mata. Manyan mata da yawa a ofisoshin garin nan har yau sukan gyara zama in an ambaci sunanta. Tana ajiye alli ba da jimawa ba ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likitan gashin ƙashi ya ce ƙafar za ta iya tuna aikinta in ana tafiya da ita cikin ruwan da ya kai ƙirji, inda jiki ba shi da nauyi. Ɗanta da ke Kanada ya sa aka haƙa pisin a bayan gida, kuma da aka ga jabel na bido yana sa fatarta ƙaiƙayi har ta kasa barci, sai aka kawo injin gishiri. Hajiya ba ta taɓa cewa tana son ta koyi iyo ba. Burinta guda ne, ta faɗa wa likita, ta faɗa wa 'yarta Asma'u, ta faɗa wa Sumana ranar da aka ɗauke shi: tana so ta sake yin salla a tsaye.

Ga kuma abin da ya bambanta aikin Sumana da na kowane mai kula da pisin a garin nan. Bai taɓa ganin Hajiya a cikin ruwan ba, ko sau ɗaya. In rana ta fara sanyi Asma'u za ta leƙo ta ce, "Baba Sumana, za mu fito," shi kuma ya tattara tiyo da raga ya fice, ya zauna a waje gindin bishiya da mai gadi, bayansa na kallon katanga. Asma'u ce ke turo keken mahaifiyarta. Kafin su shiga takan jefa cokalin shayi a wuri mafi zurfi. In Hajiya ta hango cokalin a ƙasa daga kan kekenta, ta shiga. In ba ta gan shi ba, ta ce a mayar da ita ɗaki, kuma tsohuwar shugabar lakwal ba ta maimaita magana.

To yaya mutum zai san ko aikinsa na amfani, in an hana shi ganin mai amfana? Sumana ya sami hanya ba da niyya ba. Karo, wato tayil ɗin da ke bakin pisin, na da santsi, sai ya ɗauko yashin kogi ya shimfiɗa daga matakala zuwa ɗan ɗakin canja kaya, don kada a zame. Da suka koma ciki ya shigo zai share, sai ya tarar yashin ya riƙe masa labari duka. Ga layi biyu na ƙafafun keke, ga sawun Asma'u, ga sawun ƙafar dama ta Hajiya, ga kuma wani dogon ja a gefensa, inda ta hagu ta bi kamar buhun da ake jan sa. Tun daga ranar, kafin ya taɓa tsintsiya, sai ya tsuguna ya karanta. In jan ya gajarta, ya koma Lazare yana waƙa a kan keke. In ya tsawaita, matarsa Hawa ta san tuwon daren nan zai kwana.

Ana cikin haka damina ta yi rowa, gero ya ƙone a tsaye, aka shiga 2010 da rumbuna wayam. Wata ranar Alhamis da rana tsaka aka ji harbi wajen fadar shugaban ƙasa, kafin dare rediyo ta koma kiɗan soja. Mutanen Yamai, waɗanda wannan ba shi ne kiɗansu na farko ba, suka rufe shaguna, washegari suka buɗe. Sabbin masu mulki sun yarda a furta kalmar yunwa a fili, abin da ya sa ta zama halal a baki, ko da yake ba ta ragu a ciki ba. Mai shagon da ke sayar da farin gishirin pisin ya tafi hutu ƙasarsu, kuma da alama hutun ya yi masa daɗi, don har yau ana jiran sa.

Famfon gidan ya koma ɗigo. Asma'u ta ce a kira motar sitan ta riƙa cika pisin, kamar yadda ake yi a gidajen manya. Hajiya kuwa, a hanyarta ta zuwa asibiti, ta ga mata jere da bido a bakin famfon unguwa tun safe, wasu cikinsu ɗalibanta ne na da. Ta dawo ta sa aka kira Sumana, ya tsaya bayan labule kamar kullum.

"Motar ruwa ba za ta tsaya a ƙofar gidan nan ba mutane na kallo," in ji ta. "Wanda ke ciki shi ne rabona. Ka ƙara masa daga rijiyar lambu abin da ta ba ka. In ya mutu, ka rufe shi."

Ruwa guda ke nan, zai ratsa Afrilu da Mayu na Yamai, watannin da ko inuwa ke neman inuwa. Sumana ya karɓi maganar kamar an naɗa shi sarauta. Ya bi kasuwar Lazare ya tattaro buhunan taimako da aka zazzage, Hawa ta ɗinke su wuri guda, suka zama marufin da ke hana rana shanye ruwan. Duk wanda ya leƙa ta katanga a lokacin zai ga tutocin ƙasashen duniya shimfiɗe a kan pisin ɗin Hajiya, kuma ina jin a wurare kaɗan ne taimakonsu ya yi aiki kai tsaye kamar nan. Rijiyar lambu takan tara ɗan abin da ta tara cikin dare, shi kuma ya ja da guga da safe ya ƙara, yana lura da jerin shuɗin karo da ke jikin bango. Nan ne ƙirjin Hajiya. Ruwa bai isa ya sauka ƙasa da nan ba.

Sai ga Abdulaye. Buzu ne daga wajen Abalak, ya gangaro da abin da fari ya bar masa, 'yan shanu da ƙasusuwansu ke gaba da su da awaki kaɗan, ya sauka da iyalinsa a fegin da ke bayan katangar gidan. Pisin na da matatar yashi, kuma lokaci-lokaci akan juya ruwa baya a wanke ta, dattin ya fita ta tiyo. Sumana yakan tara wannan ruwan a rabin tano, wato durom, ya bar shi a rana warin jabel ya fice. Shanun Abdulaye suka jiyo ƙanshi, suka zo suka jera kai a katanga suna kuka. Buzu da Bazabarme irin Sumana kuwa taubasai ne, don haka gaisuwar farko da ta haɗa su zagi ce. Abdulaye ya ce bai taɓa ganin wauta irin ta mutanen kogi ba, a tara ruwa a rami a rufe shi da buhu ana gadi, kamar amarya. Sumana ya ce ai gara shi, yana kiwon abin da ba ya mutuwa ya bar shi da igiya a hannu. Daga nan ya zura tiyo ta kan katanga. Da aka gaya wa Hajiya, cewa ta yi me ake jira tun farko.

Dabbobin suka kafa kai ba su ɗago ba. Ruwa ne da gishirinsa a ciki, abin da makiyayi ke tafiyar kwanaki ya nema wa garkensa. Labari ya bazu a masaukin makiyayan da ke fegin cewa akwai gida a Yantala da ruwansa ke fitowa da lasa a haɗe. A nan fa zuciyar Sumana ta fi kansa sauri. Matatar nan ba ta taɓa shan wanka irin na wannan bazarar ba. Da safe ya ce ta yi datti, da yamma ma ya ga kamar ta ƙara. Abin da ya fita mai gishiri ne, abin da ya shigo daga rijiya kuwa salam ne, don haka wata safiya ya buɗe ɗakin famfo ya tarar jan ido na kallon sa. Buhun farin gishiri na ƙarshe ya ƙare tuni. Cikin wannan zafi, ruwan da ba jabel ba ya daɗewa kafin ya koma kore.

Ya yi niyyar zuwa kasuwa ya nemi gishirin miya mafi fari. Abdulaye ya riga shi. Ya zo ƙofa da manyan masaukin a bayansa, ɗauke da wani abu naɗe cikin tabarma. Kantu ne, dogon curin gishirin Bilma, na ƙarshe da ya ɗauko daga gida don dabbobinsa. Ya ajiye shi a gaban Sumana ya ce ya ji an ce ramin Zabarmawa na jin yunwar gishiri, ga sarkin gishiri ya kawo, a daina ciyar da shi garin alli na Turawa.

Sumana ya ga launin kantun, toka-toka da ja-ja. Ya gani sarai. Amma a gidan da ya tashi, kantu shi ne gishirin da ake ba wa baƙo labarinsa, kuma kyautar taubashi ba a mayar da ita, ba a kuma ɓoye ta a lungu mai ita na tsaye. Aka kawo turmi, aka daka, aka shigo da baƙin bayan gida suka ga pisin a karon farko, Sumana ya yi bisimilla ya watsa duka. Aka dafa shayi ana jira. Kafin kofi na uku jan ido ya mutu, koren ya kunna. Zo ka ga murna! Abdulaye ya rantse ko injin Nasara ya san abu mai kyau. Sumana ya koma gida yana buga ƙararrawar keke tun daga Yantala har Lazare ba kowa a gabansa.

Washegari ya yaye buhuna ya tarar da kunun kanwa. Ruwan ya yi fari-fari, ya yi kauri, ja-ja na yawo a ciki. Kantu gishirin dabbobi ne, da kanwarsa da laka da tsatsarsa yake zuwa, abin da ke gina ƙashin saniya ke nan, shi ne kuma ya kashe pisin. Maganin kwalba ya koma launin da Sumana bai taɓa gani ba. Faya-fayan inji sun yi farin ɓawo kamar gindin buta. Ya jefa cokalin Asma'u don ya tabbatar, cokalin ya ɓace tun bai nutse tsawon yatsa ba.

Mai gadi ya ba shi shawarar ya ce kuran ne ya lalata inji, tunda masu kuran sun saba ɗaukar laifin kowa ba su musa ba. Sumana ya wuce shi, ya je ya tsaya bayan labule.

"Hajiya, na kashe ruwan."

"Da me?"

"Da kyauta."

Ya ba ta labarin kantu daga tabarma har turmi. Asma'u ta ce ta ji mahaifiyarta ta yi dariya da rabin bakin da ke motsi, har da hawaye, dariyar da ba ta yi ba tun da ciwon ya same ta. Da ta lafa sai ta ce, "Ka kyauta da ba ka kunyata baƙo ba. Amma ba zan kira sitan ba, Sumana, ka sani. In ya ƙi tashi ka cika shi da ƙasa, ka shuka mini yakuwa."

Kowa a gidan ya san ma'anar wannan. Likita ya sha faɗa cewa ƙafar da aka daina tunasarwa saurin mantuwa gare ta, kuma a makon nan ne jan da ke kan yashi ya fara yankewa, alamar ƙafar hagu ta fara ɗagawa. Asma'u ta bi Sumana har ɗakin famfo tana roƙon sa su kira motar a ɓoye, ranar da za a kai Hajiya asibiti. Ya ce da ita, 'yata, wadda ta gane yarinyar da ta kwafi jarrabawa daga bayan aji ba za ta kasa gane sabon ruwa ba.

Ya fara da rage kanwa. Ya samo asid irin wanda magina ke wanke karo da shi, yana tsiyaya shi kaɗan cikin bokitin ruwa, yana zagaya pisin yana zubawa, ya jira, ya auna, ya sake. Wandonsa na aiki ya koma rariya. Launin kwalba ya sauko daga zoɓo sannu a hankali, har ya fara kama da abin da ɗan Adam zai iya shiga. Faya-fayan inji ya kwance su ya jiƙa cikin ruwan lemun tsami, ɓawon na tafasa yana saki. Amma farin kaurin nan ya ƙi tafiya, matata ta toshe, ta sake toshewa.

Hawa ce ta warware. Ita haifaffiyar Gawaye ce, da ruwan kogi aka yaye ta. Ta ga mijinta ya tasa tuwo a gaba yana kallo, ta ce masa ita dai ba ta san inji ba, amma ta san ba a tace ruwan da ke gudu. Uwarta alif take jefawa a randa, ta hana kowa taɓawa, da safe laka na ƙasa, ruwa na sama. Sumana ya ce pisin ba randa ba ne. Ta ce randa ce, mai ita ce dai ta fi uwarta hali.

Ya sayo alif, ya narka, ya watsa. Sauran aikin shi ne a kashe famfo a bar ruwa ya kwanta, abin da hannun Sumana ba zai iya jurewa ba, don bai taɓa barin injinsa shiru ba. Nan masu kuran suka yi wa ƙasa hidimar da ba a taɓa gode musu a kai ba: suka ɗauke wuta tun la'asar, ba su dawo da ita ba sai da gari ya waye. Da ya yaye buhuna, sai ga sama garau, dattin duka ya kwanta a ƙasa kamar auduga. Ya yi kabbara har akuyar mai gadi ta tsinke igiya.

Saura a janye wannan laka ba tare da an tashe ta ba. Ya zura tiyo a hankali, yana numfashi kamar mai ɗaukar jariri, yana zuƙe ta zuwa cikin tanuna. Ƙasa ta fito tas, amma ruwa ya sauka ƙasa da shuɗin karo da faɗin tafin hannu, kuma rijiya ta riga ta ba da na ranar. Abin da zai cike giɓin yana cikin tanunan, gauraye da laka.

Abdulaye tun da ya ji abin da kantunsa ya yi ya daina kawo dabbobi katanga, ya koma kora su har bakin kogi cikin wannan rana. Bai fasa tsiya ba, don ya shigo yana cewa an ba Bazabarme sarkin gishiri ya rasa yadda ake saukar da sarki. Amma ya tsaya ya ga ana neman abin tacewa, an gwada buhu, an gwada zanen Hawa, duka suna zubar da laka. Sai ya juya wa mutane baya. Wanda ya san Buzaye ya san namiji ba ya buɗe bakinsa a gaban baƙi, ko abinci zai ci ta ƙarƙashin rawani yake kai loma. Abdulaye ya warware farin rawaninsa duka, ya rufe baki da hannun riga, ya miƙo shi ta baya ba tare da ya waiwayo ba. Ba wanda ya yi dariya, har taubashin nasa. Aka ninka rawanin, aka ɗaure a bakin bokiti, aka yi ta tacewa ana mayarwa, mai rawani na tsaye fuskarsa ga katanga yana tambaya ko ruwan ya kai. Rana na karkata ruwa ya taɓa shuɗin karo.

Asma'u ta turo keke, mazan suka fice. Daga gindin bishiya suka ji ƙarar cokali ya faɗa ruwa, sai shiru, sai muryar Hajiya tana cewa a kama mata hannu. Koren ido kuwa ya kunna bai sake mutuwa ba, don laka da kanwa sun fita, gishirin kantu ya zauna daram a cikin ruwan. Kyautar ta yi aikinta, ta dai biyo ta doguwar hanya.

Kai ne, Sumana na Hawa, makiyayin da garkensa ba ya kuka in yana ciwo, sai dai ka gane da hanci. Kai ne ka yi kuskure da rana tsaka a gaban shaidu, ka je da ƙafarka ka faɗa, a ƙasar da kuskure ba shi da uba sai an kafa kwamiti ya nemo masa. Ba ka daina zura tiyo ta katanga ba bayan haka, ka dai koyi yawan da ruwan zai iya bayarwa ya rayu. Kuma har yau, duk shekarar da Abdulaye ya aiko maka da kantu a motar Tawa, kana karɓa da hannu biyu, ka narka shi a tano, ka bar shi ya kwanta, ka tace, sannan ka zuba. Taubashi bai ji kunya ba, ruwa bai mutu ba.

Yashi ya ci gaba da ba shi labari. Dogon jan ya koma guntaye. Layin keke ya daina kaiwa matakala, ramukan sanda suka maye gurbinsa. Ruwan sama ya sauka, Abdulaye ya kora abin da ya rage masa ya yi arewa da rawani mai launin ƙasa. Kogin da aka yi ta roƙo ya cika har ya shiga gidajen mutane, don a nan in abu ya zo ba ya tambayar yawan da ake so. Ana gab da kama azumi, wata la'asar, Asma'u ta leƙo ta ce sun gama. Sumana ya shigo da tsintsiya, ya tsuguna kamar kullum. A gefen ɗakin canja kaya ya ga sawu biyu, dama da hagu, jere da juna, sun nutse daidai, suna fuskantar gabas. A gabansu ga gurbin gwiwoyi, ga tafin hannu, ga inda goshi ya taɓa. Ba ramin sanda ko ɗaya a kusa.

Mai gadi ya ce ya ga dattijo ya fito a guje ba takalmi, ya kama shi ya girgiza, ya kasa magana da Hausa ya koma Zabarmanci, ya sake rugawa ciki ya kifa babban kwano a kan sawun don kada iska ta taɓa. Yashin wurin bai ga tsintsiya ba har bayan salla.

Mun gode, Sumana. Allah Ya huta da gwiwoyin nan, Ya sa ka sami inuwa ranar da ba inuwa sai tasa. Ku kuma da ke riƙe da wani abu da ran wani ya rataya a kai, ko famfon unguwa ne, ko aji, ko ɗakin magani, ku yi koyi da mutumin nan: ku duba shi kowace safiya tun kafin ya yi wari, in kun ɓata ku faɗa da bakinku, kuma kada ku jira sai mai amfana ya zo gabanku ya tafa muku.

Ranar da ya zo sallama, Hajiya Habsatu ta ce a ɗage labule. Ta fito da ƙafafunta, ta raka shi har ƙofar gida, tana yi masa faɗa a kan ya riƙa shan maganin gwiwa a kan lokaci. Asma'u ta ce har suka kai ƙofa bai ɗaga kai ya dubi fuskarta ba. Ƙasa yake kallo, yana duba sawu.